Lokacin da Kwalejojin Ilimi na Ghana Suka Koma Cikin Wayar Ɗalibi

Ranar Lahadi 15 ga Maris 2020, da dare, Shugaba Nana Akufo-Addo ya ba da umarnin a rufe duk makarantun Ghana daga washegari, kwana uku ke nan da tabbatar da cewa korona ta shigo ƙasar. Umarnin ya haɗa da kwalejojin ilimi 46 na gwamnati, tun daga ta Akropong wadda 'yan mishan suka kafa a 1848, zuwa Bagabaga da ke Tamale, da Al-Faruq ta Wenchi, da Gbewaa ta Pusiga can kusa da iyakar Togo da Burkina Faso. Ɗalibai suka tattara ya-nasu-ya-nasu kowa ya nufi garinsu. Shekarar karatu ba ta ƙare ba, kuma babu mai iya cewa ga ranar dawowa.

Abin da kwalejojin nan suka yi a watannin da suka biyo baya ya isa a zauna a dube shi da kyau, musamman ga wanda sha'anin horar da malamai ya dama. An shafe shekaru ana faɗin cewa dole malamin gobe ya iya aiki da fasaha a aji. An rubuta a takardun manufofi, an sa a manhajar karatu, an gina ɗakunan kwamfuta. Amma sai da aka garƙame ƙofofin kwaleji, ɗakunan kwamfutar suka tashi daga aiki, sannan ɗalibai da yawa suka fara ganin malaminsu na lissafi ko na Turanci yana koyar da su ta na'ura. A ganina nan ne zuciyar lamarin take.

Ghana ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun 2003 ta fitar da manufar ƙasa kan fasahar sadarwa, gyaran ilimi na 2007 kuma ya shigar da ilimin kwamfuta cikin darussan makaranta, har ya kai ga jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, wato BECE. Illar ita ce ya zama darasin hadda. Duniya ta ga shaidar haka a Fabrairun 2018, lokacin da hoton wani malami, Richard Appiah Akoto, ya karaɗe ko'ina: yana tsaye gaban allo a makarantar Betenase da ke Sekyedumase, a yankin Ashanti, ya zana fuskar Microsoft Word da alli kala-kala, kowane maɓalli da sunansa, saboda makarantar ba ta da kwamfuta kuma yaran za su tarar da tambayoyin a jarrabawa. An yaba masa, ya kuma cancanci yabo. Microsoft ta kai shi taron malamai a Singafo, masu hali suka aika wa makarantar kwamfutoci. Sai dai ƙarar tafin ta danne wata magana. Malamin ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma tsarin da ya tarar yana ɗaukar na'ura tamkar abin da ake haddace sunayen sassansa, alhali kayan aiki ce.

Kwalejojin da ke yaye malaman ma haka suke tafiya. Ɗalibin difloma yana da kwas ɗinsa na kwamfuta, da ɗakinsa, da malaminsa. Ya koyi buɗe fayil, ya koyi buga takarda, ya ci jarrabawa. Daga nan ya wuce ajin dabarun koyar da kimiyya ya tarar ana karanto rubutu ana kwafa. Shekara biyu a kwaleji, ta uku a makarantar da aka tura shi gwajin koyarwa, da wuya ya ga wanda ya ɗauki waya ko majigi ya sauƙaƙa wa yaro fahimtar wani abu mai wuya. To daga ina zai koya? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sabon malami, ranar da ya tsaya gaban yara gabansa na faɗuwa, abin da ya ga an yi masa shi yake maimaitawa.

Kafin zuwan korona an riga an fara taɓa wannan tsari. Dokar 2012 ta ɗaga kwalejojin zuwa sahun manyan makarantu. A ƙarshen 2014 aka fara wani shirin gwamnati da tallafin Birtaniya mai suna T-TEL, aikinsa gyara yadda ake horar da malamai. A 2017 aka amince da mizanin da ake so kowane malamin ƙasar ya cika, da kuma tsarin da za a ɗora manhajar horarwa a kansa. A Oktoban 2018 aka bar ɗaukar ɗaliban difloma ta shekara uku, aka koma digirin ilimi na shekara huɗu, daga baya aka raba kwalejojin ƙarƙashin kulawar jami'o'i biyar: ta Cape Coast, ta Winneba, Jami'ar Ghana da ke Legon, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah a Kumasi, da Jami'ar Nazarin Ci Gaba ta Tamale. A sabuwar manhajar, fasahar sadarwa tana cikin abubuwan da aka ce su ratsa kowane kwas, ma'ana mai koyar da dabarun karatu da mai koyar da lissafi duk nauyin ya hau kansu. Ɗalibi kuma tun shekararsa ta farko zai riƙa zuwa makarantun da ke kusa yana ganin aiki da idonsa, ba sai ƙarshen karatu ba.

Wannan a takarda ke nan. A aikace, rubuta cewa fasaha ta ratsa kowane kwas ba ya sa lakcaran da bai saba ba ya tashi rana ɗaya ya sauya hannu. Amma akwai wani abu guda da T-TEL ta dasa, marar armashi a ido, wanda shi ya riƙe komai daga baya: zaman mako-mako. Malaman kowace kwaleji su haɗu sau ɗaya a mako, da littafin jagora a hannu, su duba darussan da ke tafe, su gwada dabara a tsakaninsu kafin su kai wa ɗalibai. An yi shekaru ana wannan zama. Saboda haka ranar da aka ce kowa ya koma intanet, malaman nan sun riga sun saba koyo daga juna, sun saba mutum ya ce bai iya ba a nuna masa. Wanda ya san manyan makarantu ya san nauyin wannan. Lakcaran da ya shekara ashirin yana koyarwa ba ya son ƙaramin abokin aikinsa ya gan shi yana lalube a waya, kuma kunyar nan kaɗai ta isa ta kashe shirin da aka kashe wa miliyoyi.

Bayan rufewa, hukumar da ke kula da manyan makarantu a lokacin ta haɗa kwamitin koyarwa daga nesa, da wakilan jami'o'in biyar, da shugabannin kwalejoji, da ƙungiyoyin ma'aikata da ta ɗalibai, da T-TEL. Shawarar da ta fi tasiri ita ce ta inda za a fara. Ba a tsaya jiran a sayo wa kowa laftof ba. An duba abin da ke aljihun ɗalibi, aka ga mafi yawansu suna da babbar waya, aka ce to da ita za a yi. Aka buɗe shafi guda aka zuba kayan karatun digirin, kamfanonin waya kuma suka cire kuɗin data a kan wasu shafukan ilimi.

Zoom, wanda ya yi tashe a wancan lokaci, bai yi wa kowa daidai ba. Awa ɗaya ta bidiyo tana lashe ɗaruruwan megabait, na kyauta yana yankewa bayan minti 40, ga shi sai sabis ya yi ƙarfi a daidai lokacin da ake darasin. Ɗalibar da ta koma ƙauyensu a yankin Tumu ko Gambaga, wadda sai ta fita bayan gari take samun sabis, ga aikin gida da aka miƙa mata tunda ta dawo, ba za ta iya zama awa biyu tana kallon allo ba. Saƙon murya na minti goma kuwa megabait kaɗan ne. Ana sauke shi da dare ko da asuba, a saurara, a sake saurara. Shi ya sa darussa da yawa suka koma WhatsApp da Telegram, wasu Google Classroom. Telegram ya fi dacewa da babban aji, domin a lokacin guruf ɗin WhatsApp ba ya wuce mutum 256, na Telegram kuwa yana ɗaukar dubbai, kuma wanda ya shigo a makare yana iya komawa baya ya ga duk abin da aka tura kafin zuwansa. Ga wanda cajinsa ya ƙare ko aka aike shi gona, wannan ne ke raba samun darasi da rasa shi.

Koyarwa a irin wannan zaure tana da nata salo. Malami ya tura gajeren bayani da murya, ya biyo shi da hoton shafi guda, ya jefa tambaya, ya ba da lokaci. Amsoshi su riƙa shigowa, wani da rubutu, wani da murya, wani ya ɗauki hoton lissafin da ya yi a takarda. Lakcar awa biyu ba ta shiga saƙon murya, don haka dole malami ya zauna ya tace. A cikin duk abin nan, wane ne in ɗalibi bai gane shi ba sauran sun zama banza? Da wane misali zan fara? Ta yaya zan san ya gane tunda ba na ganin fuskarsa? Tambayoyin koyarwa ne tsantsa, irin waɗanda ya kamata a ce ana yin su tun a aji, na'urar ce ta hana a kauce musu. Ɗalibin da ke can gefe yana karɓa kuwa abu biyu yake koya a lokaci guda. Yana koyon darasin, yana kuma ganin yadda malami ke yanka bayani gunduwa-gunduwa, yadda yake jawo wanda ya yi shiru, yadda yake gyara kuskure a gaban mutum ɗari ba tare da ya muzanta mai shi ba, yadda yake yi idan fayil ya ƙi buɗuwa. Babu kwas ɗin kwamfutar da ke koyar da waɗannan.

Ba a saki malaman haka nan ba. An shirya musu kwas kan tsara darasi da koyarwa daga nesa tare da wata jami'a ta birnin Amsterdam a ƙasar Holan, malamai sama da 1,000 suka shiga. Ta intanet aka yi kwas ɗin, kuma wannan ya yi kyau ƙwarai, domin lakcara ya zauna a kujerar ɗalibinsa. Wanda sabis ya ɗauke masa ana tsakiyar bayani, ko datarsa ta ƙare kafin ya miƙa aiki, zai yi tunani kafin ya tura wa ɗalibansa bidiyon awa guda.

Saura waɗanda ba su da babbar waya, da waɗanda suke inda babu sabis kwata-kwata. Da tallafin gidauniyar Mastercard aka samar da dubban wayoyi da katunan memori waɗanda aka loda wa kayan karatu, aka kuma tanadar wa ɗalibai makafi da kurame kayan da suka dace da su. Katin memori ya fi burge ni a cikin duk abin da aka yi. Ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar sabis, ba ya buƙatar a koya wa kowa. Duk wanda ya taɓa kai memorinsa shagon masu tura wa'azi da karatu a Tamale ko Kumasi ko Kano ya san shi. Masu tsara shirye-shiryen ilimi sukan raina irin wannan saboda ba ya kyau a hoton bikin ƙaddamarwa, alhali shi ne ke isa inda babu abin da ke isa.

Rahotannin masu shirin sun nuna cewa mafi yawan ɗalibai suna halartar darussan. Shekarar karatu ba ta salwanta ba, rukunin farko na digirin kuma ya kammala a 2022. Nasara ce, ba ƙarama ba. Amma a yi hattara da lissafin halarta. Sunan mutum ya fito a guruf, ko ya rubuta cewa yana nan, bai nuna ya fahimci komai ba, kuma wanda ya fi shan wuya, mai aron wayar yayansa na awa ɗaya, shi ne lissafin ya fi saurin ɓoyewa.

Akwai giɓin da ya fi wannan girma. Yawancin azuzuwan firamare a rufe suke har Janairun 2021, don haka zuwa makarantu ganin aiki, wanda shi ne ƙashin bayan sabon digirin, ya tsaya. Abin da ɗalibin ya gani shi ne yadda ake koyar da baligi mai waya a hannunsa. Ajin da za a tura shi dabam ne: yara hamsin ko sittin 'yan shekara bakwai, babu mai waya, wataƙila ko soket babu a bango. Na'ura ɗaya ce a ɗakin, ita ce ta aljihunsa. Zaman Telegram ya cire masa tsoro, ya nuna masa cewa waya abin karatu ce, amma bai koya masa wannan ajin ba.

Kuma wannan ajin abin koyarwa ne. A ɗauka ɗalibi zai koya wa 'yan aji huɗu yadda wata ke zagaya duniya. Akwai bidiyo na minti biyu da ke nuna abin fiye da duk zanen da zai yi. Yaushe zai sauke shi, tunda makarantar ba sabis? Allon waya bai isa yara sittin ba, to zai raba su rukuni-rukuni, kuma me sauran za su riƙa yi kafin layi ya zo kansu? Wace tambaya zai ba su kafin kallo don kada ya zama kallon nishaɗi? In batir ya mutu fa? Ko kuma malamar aji ɗaya da ke da 'yar ƙaramar sifika mai caji: za ta iya naɗar labari da muryarta ta kunna wa rukuni guda, ita kuma ta zauna da yara biyar ɗin da har yanzu ba su gane baƙaƙe ba. Wayar ta ba ta minti goma sha biyar da ba ta da su a da. A kwaleji ma, ɗalibi ya jingina waya a taga ta ɗauki gwajin koyarwarsa, ya zauna da malaminsa su kalla. Zai ga da idonsa cewa gefe ɗaya na aji kawai yake kallo, ko cewa yana amsa tambayarsa da kansa kafin yara su buɗe baki. An faɗa masa sau goma bai yarda ba, gani ɗaya ya wadatar.

Akwai kuma batun harshe, wanda ya shafi Hausawan Ghana kai tsaye. Manufar ƙasar ita ce a fara wa yaro karatu da harshen gida a ƙananan azuzuwa, amma Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa da su, irin su Twi da Ewe da Ga da Dagbani. Yaron zango a unguwar Nima ta Accra ko a Kumasi da ya tashi da Hausa a bakinsa ba zai tarar da littafin gwamnati da harshensa ba. Malamin da aka koya wa haɗa nasa kayan, ya naɗi murya, ya ɗauki hoton kasuwar unguwa ya mai da shi darasin ƙirga, yana iya cike wani ɓangare na wannan giɓi da kansa. Wanda aka koya wa sauke abin da wasu suka haɗa kawai, iyakarsa abin da ya tarar da Turanci.

Yana da kyau a ajiye wannan lamari kusa da wani da ya biyo bayansa. A Satumban 2021 Mataimakin Shugaban Ƙasa Mahamudu Bawumia ya ƙaddamar da shirin ba kowane malami laftof, gwamnati ta biya kashi 70 cikin ɗari, malami ya biya 30. Rabon ya yi ta jan ƙafa, har ya shiga cikin dalilan yajin aikin da ƙungiyoyin malamai suka yi a Maris 2024. Ba ina cewa laftof ba ta da amfani ba, malami na buƙatarta. Amma shirin da ya rataya a kan sayen kaya yana tafiya ne da saurin kwangila, kuma rahotonsa yawan abin da aka raba ne. Na kwalejojin ya fara da abin da ke hannu da kuma mutanen da suka saba zama tare, shi ya sa cikin makonni aka fara darasi.

Abin da tilas ta kawo yana iya tafiya in tilas ta kau, sai in an ɗaure shi da maki. Ɗalibi, a Ghana ko a ko'ina, inda maki yake nan yake zuba ƙarfinsa. A nan Ghana tana da abin riƙewa, domin tsarin auna ɗaliban digirin ya bar wa jarrabawar ƙarshen zango kashi 40 kawai, sauran 60 na ayyukan da ɗalibi ya yi ne da kundin da yake tara su. A cikin kundin nan ne ya kamata a ga saƙon muryar da ya naɗa wa 'yan aji biyu, da bidiyon darasinsa, da bayaninsa na abin da ya yi daidai da wanda ya ƙi. Idan malaman lissafi da na harshe ba su nemi wannan ba, komai zai sake komawa hannun malamin kwamfuta shi kaɗai.

Najeriya ta kama hanya mai kama da ta Ghana. Dokar da aka sa wa hannu a 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri tare da takardar shaidar malanta ta NCE, kwalejoji irin na Katsina da Yola da Bichi da Gusau za su sake duba kwasa-kwasansu. Za a yi ta maganar ɗakunan kwamfuta da intanet, kuma ana buƙatarsu, ko don jarrabawar shiga da ta rajistar malamai da duk a kwamfuta ake yin su yanzu. Amma abubuwa biyu da suka fi aiki a Ghana kusan ba su cin kuɗi: zaman malamai na mako-mako, da ɗaukar wayar ɗalibi a matsayin kayan aiki. Fom ɗin da mai duba gwajin koyarwa yake cikawa ma yana da gurbin kayan koyarwa tun da daɗewa, inda aka saba ba da maki kan kwalin da ɗalibi ya zana ya liƙa a allo. A wannan gurbin mai duba zai iya fara tambayar ɗalibi me ya yi da wayar da ke aljihunsa, me ya sa ya zaɓe ta a wannan darasin, kuma yara nawa ne a ajin suka amfana.